Ɗigo Uku na Kawu Na'iya

Wata biyu ke nan da faruwar abin, amma har yanzu in na ji ƙarfe ya bugi ƙarfe sai gabana ya faɗi. Na ga gara in rubuta yadda aka yi, ko hankalina ya kwanta. Mutanen tashar Tambuwal ƙarshen maganar suka gani, ba su san farkonta ba.

Kawu Na'iya yayan mahaifiyata ne. A Fakku aka haife shi, a Kebbe ya yi gida, kuma shekara arba'in da ɗaya ke nan yana jan mota guda tsakanin Kebbe da Tambuwal. Fijo 504 ce doguwa, mai kujeru layi uku, wadda ya saya sabuwa a 1983 bayan ya daɗe yana tuƙa akori-kurar wani ɗan kasuwa. Fara ce a da. Yanzu launinta ya koma kamar kunun gyaɗa.

Ba ya son a ce mata tsohuwa. Fasinjan da ya yi kuskure ya faɗa ya ja wa kansa karatu har a sauka. Daga Faransa yake farawa, inda ya ce wasu 'yan gida ɗaya ne suka soma da ƙera zarto da ɗan injin niƙa na hannu, suka koma kekuna, kafin su kai ga mota. Zakin da ke gabanta, in ji shi, tun zamanin zarton ne, saboda haƙora. Daga nan sai ya gangaro Kaduna, inda aka fara harhaɗa ta a 1975, ya ba da labarin ranar da ya je Kakuri takanas ya tsaya a bakin ƙofar kamfanin yana kallon sababbi suna fitowa a jere. "Gwamna ita, alƙali ita, mai buhun gero ita," haka yake rufewa. Da na shiga jami'a na bincika don in kama shi da ƙari, sai na tarar kusan duk haka ne. Abokan lodinsa tuni suka koma motocin hannu da ake shigowa da su daga waje. Shi ya ƙi.

Amma ba da motar aka fi saninsa ba, da rashin yarda ne. A 1991 ta lalace masa a wani gari da har yau ba ya ambaton sunansa, ya bar ta a gareji kwana ɗaya. Da ya dawo gida sai ya gane an cire masa kafireta ta asali an sa wata gajiyayya. Bai yi faɗa da kowa ba. Ya nemi ƙusa mai kauri da ƙaramar guduma, ya yi kwana goma sha ɗaya yana bin motar ƙarfe-ƙarfe, yana buga wa kowane ɗigo uku, kamar duwatsun murhu. Tun daga lokacin ba mai wanke masa inji. Yana sansana fetur kafin a zuba, yana ƙirga notin taya duk safiya. Matarsa, Inna Hinde, takan ce ita kaɗai ta rage a gidan ba a buga mata ɗigo ba, ita ma don ba ta tsayawa wuri ɗaya ne.

Mutum ɗaya ke taɓa motar, Almu makanike, mai gareji a ƙarƙashin bishiyar dogon yaro bayan tashar Tambuwal. Sa'annin juna ne. Shi ma ba yarda aka yi da shi ba, haƙuri aka yi. Kawu zai ja benci ya zauna dab da shi, kusan hancinsa a cikin inji, dokarsa kuma ɗaya ce: a gyara, kar a canja. Ko ƙarfe ya cinye sai dai a yi masa walda a mayar, tunda da shi ta fito daga Kaduna. In an kira azahar Kawu ya tashi.

"Almu, salla."

"Tafi, Na'iya. Hannuna baƙin mai na, in na ƙare ni yi."

"Kullum hannunka baƙin mai. Haka za ka hwaɗi ran hisabi?"

Sai ya tafi masallaci, ya biya wurin mai tuwo, ya dawo ya bi ɗigonsa ɗaya bayan ɗaya kafin ya kunna mota. Shekara talatin da uku ana haka.

Bana ne aka yi wa Kawu aikin yanar ido a Sakkwato, likita ya hana shi tuƙi na wata guda. Ni kuma na gama bautar ƙasa ina zaune ba aiki, na iya mota, sai aka ce in riƙa yi masa lodi. Bai so ba, amma ba yadda zai yi. Ranar da lokacin juyen mai ya yi, ya riƙe makullin a hannunsa ya daɗe kafin ya sake.

"Shafi'u, juyen mai da duba birki, shi ke nan. Kak ka matsa ko nan da can. In anka kira salla, yi ta nan gefen taya."

Na ce to.

A ranar ne ake rufe karɓar takardun wani aiki da na sa rai a kansa, waya kuma ta ƙi buɗe shafin. Ina ta juyi a kan benci har Baba Almu ya leƙo daga ƙarƙashin mota.

"Malam Digiri, benci na da ƙaya?"

Na gaya masa.

"To tafi mana. Mota ba ta tashi sama."

Na tafi shagon kwamfuta a bakin titi. Na yi nufin minti ashirin, na yi awa ɗaya da rabi. Da na dawo ya riga ya sauke ta daga jak yana goge hannu. Na yi lodi, mutum takwas, har da mahaifiyata da ta zo sayayya, da wata mai goyo. A hanya na ji sitiyari ya ƙara ƙarfi, ya daina wannan ɗan wasan da yake yi a ramuka. Na ɗauka iskar taya ce.

Muna isa Kebbe Kawu ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a ƙarƙashin motar. Ido ɗaya a rufe da auduga, ga baƙin tabarau a kai, ya kwanta rigingine ya fara bi da yatsa. Ban taɓa sanin da yatsa yake karanta ɗigon ba sai ranar. Ya wuce nan, ya wuce can, sai hannunsa ya tsaya a kan ƙarfen da ke haɗa sitiyari da ƙafar gaba ta dama, wanda makanikai ke kira tayarod. Ya shafa, ya sake shafawa.

"Shafi'u."

"Na'am, Kawu."

"Ka bar wurin?"

Na ce a'a. Ban yi shawara da kaina ba, bakina ne kawai ya faɗa.

Can ya ce, "Ashe gabanka anka yi, ba ka gani ba. Wanda ya iya haka gaban mai ido biyu, ya iya gabana."

Kwana biyu yana bin sauran motar. Ko'ina ɗigo na nan, sai wannan ƙarfen guda. Bai ci abincin kirki ba. Na ji yana tambayar Inna Hinde ko ta ga na sayi wani sabon abu, kuma da na zo gaishe shi sai ya miƙa hannu ya shafa takalmina. Sau uku ina zuwa bakin zaure da nufin in faɗi gaskiya, ina komawa. Na riƙa gaya wa kaina cewa ko na faɗa, an dai canja ƙarfen, laifin na Baba Almu ne. Ni ma na fara zarginsa. Me ya sa ya yi saurin cewa in tafi?

Rana ta uku ranar kasuwa ce. Kawu ya ce in kai shi Tambuwal. Hantsi ya yi, direbobi sun cika garejin, har da Dalhatu shugabansu yana jiran a ɗaura masa taya. Kawu bai zauna a bencinsa ba. Bai yi sallama ba.

"Almu, ina ƙarfena?"

Baba Almu ya ɗago. "Wane?"

"Ka san shi. Na zaka in karɓi abina a maida shi inda anka cire shi, yau, gaban mutane. Dalhatu, ka shaida. Shekara talatin da uku nika kawo mashi mota, ya jira Allah ya taɓa man ido sannan ya sa hannu. Ga yaron ga, bai matsa ba, gabanai anka yi."

Makanike ba shi da abin da ya wuce sunansa. In aka ce yana cire kaya a tashar da kowa ya san kowa, ba mai sake tsayawa a ƙarƙashin bishiyarsa. Na ga wani direba ya juya yana kallon tasa motar da ke buɗe. Baba Almu ya dube ni. Ya san na tafi, shi ya sallame ni, amma bai ce komai ba. Wannan shirun ne ban iya ɗauka ba.

Na ce, "Kawu, na bar wurin. Awa ɗaya da rabi. Ƙarya na yi maka."

Kawu bai ko juyo ba. "To sun zama biyu," ya ce.

Baba Almu ya ajiye sifana, ya shiga ɗakin kwanon da yake ajiyar kaya, ya jawo wani buhun taki yana ƙara. Ya zazzage shi a gaban Kawu. Ƙarafa ne tsofaffi, baƙaƙe. Ya ɗauko ɗaya daga sama ya miƙa wa Dalhatu.

"Ga ƙarfenai. Duba wuyan."

Dalhatu ya kai shi rana, ya goge da babban yatsa. Tsaga ce ta zagaye kusan duka. Ya ɗan buga shi a jikin wani tsohon wili, ba da ƙarfi ba, sai ya rabu gida biyu ya faɗi. Wannan ƙarar ce nake ji har yanzu. A kan wannan ƙarfen na zo daga Kebbe da safen ranar, kuma a kansa zan koma da mahaifiyata da mai goyo, da na zauna a benci kamar yadda aka umarce ni.

Dalhatu ya ce, "Na'iya, wanga kaka so a maida?"

Kawu ya tsuguna. Ba wanda ya karye yake shafawa ba, sauran ne. Kowane da ɗigo uku. Ya ƙirga, goma sha bakwai.

"Waɗanga nawa na," ya ce a hankali. "To mi a cikin motata?"

"Na 'yan uwanta," in ji Baba Almu, ya nuna gawarwakin Fijo uku da ke bayan garejin. "Dut na Kaduna na, ba jabu. In na ga ƙarfe ya kai inda walda ba ta riƙe shi, sai in nemi mai lafiya in buga mashi ɗigonka, in shafe da baƙin mai, in jira ka tafi salla. Ko na hwaɗa maka ba ka yarda. Wanga karon ban shirya ba, ranar nig gan shi. Na ce idonka a rufe yake, ni buga daga baya. Na mance kai da hannu kaka gani."

Wani ya yi dariya, ya haɗiye. Dalhatu ya ce, "Ashe jam'in sallar da Almu ka rasawa, Na'iya, kanka za a rubuta shi."

Na zaci Kawu zai yi godiya, ko ya ji kunya. Bai yi ko ɗaya ba. Ya ce, "Ƙusar da kaka bugawa, ina ka samo awonta?"

"Shekara talatin da uku nika kallonta, Na'iya."

Ya sa na mayar da ƙarafan cikin buhu, har da guntaye biyun, muka tafi.

Sati biyar bai taka garejin ba. Ya jera ƙarafan goma sha bakwai a zaure, yakan zauna yana shafa su, sannan ya je ya shafa waɗanda ke jikin motar, yana neman bambanci tsakanin ɗigonsa da na Almu. Ya gaya wa Inna Hinde bai samu ba. Ya daina ba fasinja labarin Kakuri. Da kuloci ya fara santsi ya sa na kai shi wurin wani makanike a Dogon Daji, muka tsaya daga nesa ya kalli mutumin yana aiki kamar minti goma, ya ce in juya. A tasha kuwa magana ta rabu biyu. Wasu sun ce Almu ya ceci rai. Wasu sun ce wanda ya iya ɓoye alheri shekaru haka ya iya ɓoye wani abu, kuma na san direba biyu da suka daina kai masa mota. Ni ne sanadi, ko rabin sanadi, ban san yadda zan auna ba.

Makon jiya Kawu ya tuƙa da kansa, ni a gefe, ya shiga garejin a kan idon duk 'yan tasha. Ya yi sallama wannan karon. Ya ja bencinsa ya zauna.

"Kuloci," ya ce. "In na canjawa na, ka hwaɗi da baki."

"Na canjawa na."

Kawu ya ce, "Nuna man wanda za ka sa."

Aka kawo, ya juya shi, ya shafa, ya miƙa. Bai fito da ƙusa ba. Tayarod ɗin ma har yanzu ba ɗigo a jikinsa, na duba.

Da aka kira azahar ya miƙe, ya rufe bonet, ya zare makulli ya sa a aljihu.

"Almu, wanke hannunka."

"Baƙin mai na, Na'iya, in na ƙare..."

"Ga sabulu can. Tare muka zuwa. Kai ma Shafi'u, tashi, ba ni barin ka gadin komi."

Muka kama hanyar masallaci. Ya sa Baba Almu a gaba, ni a tsakiya, shi yana biye da mu a baya inda zai riƙa ganin hannuwanmu duka.