Tambaya Uku a Bakin Rijiya

Duk garinmu an san ƙanena da biyayya, ni ma da ita nake yabonsa a gaban baƙi. Shi ne auta a ɗakinmu, ko da yake a lokacin da nake magana ya yi aure har da 'ya ɗaya. In ka ce masa tashi, kafin ka rufe baki ya miƙe. Da babanmu ya rasu gandu ya dawo hannuna, ni kuwa ba zan ɓoye ba, mutum ne mai son a bi shi. Kullum a bakina akwai bin na gaba bin Allah, don ni ne na gaban.

Garin namu ƙarami ne a ƙasar Tasawa, kan hanyar Hawandawaki. Wannan abu ya faru tun Nasara ba su zo ba.

Innarmu kaɗai ce ba ta jin daɗin yabon. Ita tana da yadda take ware mutane, kamar mai tsince tsakuwa daga wake. Maƙwabcinmu, in ji ta, sauƙin kai gare shi: wanda ya zauna a tabarmarsa daga ƙarshe, shi ya tafi da ra'ayinsa. Matata kuma ladabi ta iya, ta durƙusa har ƙasa ta amsa, ta tashi ta yi abin da ta riga ta shirya. Wanda take yabo shi ne maƙerin garin, mai gardamar tsiya. Ba a taɓa kiran gayya bai kushe ta ba, amma ranar aiki shi ke riga kowa isa gona da hauya, don in ya ce ya yarda, da zuciyarsa ya yarda. Game da auta kuwa cewa take, "Wanga bai taɓa yarda da komi ba. Ƙi ne dai bai iya ba." Nakan yi dariya in ce tsufa ne ke sa ta ƙirƙiro bambanci inda babu. Tunda aiki yana tafiya, ina ruwana da abin da ke cikin ransa?

Wata bazara rijiyarmu ta cushe, guga yana fitowa da laka rabi da rabi. Ita kaɗai gare mu, ga zurfi, ga ƙasar rairayi ce, an ɗaure bangonta da itacen ƙirya tun zamanin kakanni. Aka ɗauko wani tsohon mahaƙi daga garin Sarkin Hausa ya jagoranci yasar rijiyar. Gida-gida ake ba da mai sauka, a wannan karo ya zagayo kan gidanmu. Ni ya kamata in sauka. Amma na taɓa sauka sau ɗaya shekarun baya, na ɗaga kai na ga sama ta koma kamar faifai, yashi yana zubo mini a wuya, na fito ina rawar jiki na ce sanyin ruwa ne. Ban taɓa gaya wa kowa cewa tsoro ne ba. Da safe muna shan fura na ce, "Auta, yau kai za ka sauka." Ya ajiye ludayi, ya ce, "To, Yaya."

Mahaƙa suna da al'adarsu. Ba a tura mutum rijiya da umarni, ko bawa ne. Bayan an ɗaura masa igiya a ƙugu, uban aiki yakan tambaye shi sau uku ko da son ransa zai sauka, kuma duk mai iko da shi, uba ko wa ko ubangida, sai ya koma bayan jama'a inda ba za su haɗa ido ba. In mutum ya ce a'a, sai a kwance igiya, babu gori, gidansu ya kawo wani. Na san wannan sarai. Na kuma san wane ne wanin da gidanmu zai kawo.

Tsohon ya dube ni ya ce, "Ɗana, ja da baya." Na ce, "Baba, igiyar nan nika dubawa, kamar ta ɗan ci." Ƙarya nake, igiyar sabuwa ce. Na matsa taku biyu kawai, na tsaya daidai bayan kafaɗar tsohon, inda duk ɗaga kan da auta zai yi sai ya gan ni.

Tsohon ya dubi auta ya ce, "Da son ranka za ka sauka?"

Auta ya ce, "To."

Tsohon ya girgiza kai. "Ba aike nika maka ba, samari, tambaya ta. Ka yarda?"

Auta ya sunkuyar da kai. Na ga hannunsa na dama yana murza ƙullin igiya. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, ni kuwa na karanta tasa tas. Ya ɗaga ido ya sami nawa. Ban ce uffan ba, ban ko ɗaure fuska ba, tsayawa kawai na yi. Ya ce, "Na yarda, Baba." A ta uku ma haka ya ce, da sauri.

Ya yi aiki har rana ta take tsaka, kwando yana sauka fanko yana hawowa da laka. Har na fara yaba wa kaina. Sai muka ji wata ƙara daga ƙasa kamar an taka busasshen kara, ƙura ta taso daga bakin rijiyar. Itace biyu na ɗaurin sun ruɓe, suka zame, yashi ya biyo su. Muka ja igiya ta ƙi. Maƙerin nan mai gardama shi ya tuɓe riga, yana zagin tsohon da rijiyar da kakannin da suka ɗaure ta, ya ce a ɗaura masa igiya, kuma kada wanda ya ɓata masa lokaci da tambaya. Ni ina riƙe da igiya a sama, kamar yadda na zaɓa wa kaina tun safe.

An fito da auta da rai, amma ƙafarsa ta hagu ta karye wuri biyu. Maɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ta warke a karkace. Bai ƙara riƙe hauya a tsaye ba. Ya koma saƙar igiya da tabarma a gindin tsamiya, mutane suna wucewa suna cewa ƙaddara ce, ai da bakinsa ya yarda sau uku, kowa ya ji. Inna ba ta je bakin rijiya ba ranar, amma tambaya ɗaya ta yi mini: "Kai ina ka tsaya?" Ba ta kuma sake tambaya ba har ta rasu.

Abin ya yi shekaru yana cin raina. Na yi masa noma, na aurar da 'yarsa, duk bai rage komai ba. Wata ranar kasuwa gida ya watse, na same shi shi kaɗai yana murza kaba a cinya. Na zauna a ƙasa kusa da shi, na faɗa masa duka, har tsoron da na ɓoye da ƙaryar igiya. Ya ce, "Na sani, Yaya. Tun ran da ka hito kana makyarkyata na sani."

Na ce, "Don Allah ka yafe mini."

Ya ɗaga kai ya dube ni. Babu kowa a wurin sai ni, kuma ba ni da bayan jama'ar da zan koma. Hannunsa yana kan igiyar da yake murzawa.

Ya ce, "To, Yaya."