Ranar da Na Haɗa wa Kaka Magani Biyu

Ko yanzu in na ji an girgiza gwangwani da ƙwayoyi a ciki, sai gabana ya faɗi kafin in tuna dalili. Irin ƙarar da gwangwanin Kaka ke yi ke nan, tsohon gwangwanin madara da take turawa ƙarƙashin gadonta a gidanmu na Ƙaura Namoda.

Kaka ita ta haifi babanmu. Ciwon suga ya kama ta ba da jimawa ba bayan an ba mu jihar Zamfara. Baba direba ne, shi ke karɓo mata magani daga asibiti a Gusau. Idonta ya yi rauni, Inna kuma ba ta yi boko ba, sai aka ɗora mini aikin, ni da nake yarinya 'yar aji biyar. Farar ƙwaya guda kowace safiya, kafin ta sha koko. Ina ji da aikin nan ƙwarai.

Da damina ta zauna, gero ya kai gwiwa, Gwaggo ƙanwar Baba ta zo daga Shinkafi duba ta. Ta kawo man shanu da wasu shuɗɗan ƙwayoyi da ta saya a kemis, ta ce an tabbatar mata babu kamarsu wajen suga. Baba yana kan hanya, bai san an yi ba. Bayan ta koma, Kaka ta ce mini, "Haɗa min da na ɗiyata." Na duba bayan takardar, rubutun Turanci ne mai tsawo da ya fi ƙarfina. Na haɗa. Kashegari ma na haɗa, ranar kuwa ludayi biyu kawai ta sha na koko, ta ture kwanon.

An yi ruwa da asuba, gari ya yi sanyi, amma da hantsi na iske ta zaune bakin gado gumi ya jiƙa mata riga sharkaf. Hannuwanta suna rawa. Ta dube ni ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu tun ba a haife ni ba. Inna ta saki taɓarya ta shigo, maƙwabta suka cika ɗakin. Wata ta ce iska ce, a kawo garwashi a yi hayaƙi. Wata ta kama tofa addu'a. Ni kaɗai na san abin da ta haɗiya.

Alhamis ce, Baba ya kai fasinja kasuwar Shinkafi, sauran maza duk suna gona. Shari'a tana sabuwa a lokacin, 'yan kabu-kabu ba su ɗaukar mata. Na cusa magungunan cikin hijabina na fita da gudu cikin taɓo, har gidan wani tsohon malamin asibiti da ya yi ritaya, can bayan tashar jirgin ƙasa.

Ya sa tabarau, ya jera takardun biyu a tafin hannunsa. Ya daɗe yana dubawa.

"Wanne kika ba ta?"

"Duka biyun, Malam."

"Magani guda ne, ɗiyata. Kamfani ne daban."

Ya hau kekensa, ina biye a ƙasa. Da ya shiga ya sa aka fitar da garwashin, ya tabbatar tana iya haɗiya, ya ce a dama sukari cikin ruwa. Inna ta tsaya riƙe da kofi.

"Malam, ciwon suga hwa gare ta."

"Sugan ne ya faɗi ƙasa. Miƙo."

Cokali-cokali ya riƙa ba ta. Ruwa yana ɗiga daga indararo. Ina tsaye bayan ƙofa ina kallon ƙirjinta yana hawa yana sauka. Can ta ɗago kai, ta kira ainihin sunana, ta tambayi abin da ya tara mata jama'a a ɗaki. Malamin ya samo mota aka kai ta asibiti, ta kwana biyu.

Da Baba ya dawo na jira duka, amma bai taɓa ni ba. Ya shimfiɗa tabarma ya zazzage duk abin da ke ɗakin Kaka: ƙwayoyin da wa'adinsu ya wuce, na ciwon gwiwa da wata maƙwabciya ta sam mata, da sassaƙen da aka sayo daga Moriki. Ya tattara ya kai wa likita. Da ya dawo ya ce, "Mu manya muka yi sakaci, ba ke ba. Daga yau ko ni na kawo, sai likita ya gani." Kaka ta ƙara shekaru masu yawa a duniya.

Yau kemis ya yi yawa, har a tire ake tallan magani, hanyar Shinkafi kuwa ba a binta sai dole. Gwaggo ta tsufa, ita ma sugan ya kama ta. Duk wanda ya kai mata magani, ko ɗan da ta haifa ne, sai ta yi godiya ta ajiye. In ya fita ta buga mini waya, ta sa jikarta ta karanto sunan harafi-harafi in kai wa likita. Ba ta taɓa faɗa mini dalili ba, ni ma ban taɓa tambayarta ba.