Ƙwayoyin da Inna ta ƙulle a haɓar zani

Shekarun baya, ana gab da kai ni ɗakin miji, yayata ta zo daga Gusau ta same ni a gidanmu na Tsafe, an ƙunsa mini lalle hannu da ƙafa. Ta kori ƙawayena waje, ta zuge jakarta. Ni da shirmena har na fara washe baki, na ɗauka humra ce ko turaren wuta. Sai ga wata 'yar ledar asibiti cike da mitsi-mitsin ƙwayoyi ruwan ɗorawa.

Na ce, "Yaya, ni fa lafiyata ƙalau."

Ta ce, "Na sani. Ai shi masu lafiya ke sha. Folik asid sunansa. Ɗaya kullum, daga yau. Kada ki ce sai kin ga ciki."

Ban yi mata musu ba, don na san inda maganar ta samo asali. Yayata ta taɓa haihuwar namiji da buɗaɗɗen baya, bai kai suna ba ya koma. A lokacin likita ya yi mata bayani cewa ƙashin bayan jariri tun a watan farko yake haɗewa, mace ma ba ta san tana da ciki ba, kuma wannan ƙwayar tana taimaka masa ya rufe daidai, ga ƙarin jini da take yi. Ya ce tunda abin ya taɓa faruwa a gida, 'yan'uwanta mata kada su yi wasa da ita. Hannuwana na cikin lalle, don haka ita ta jefa mini ta farko a baki, ta ɗura mini ruwa kamar 'yar goye.

Aka kai ni Nahuce, ƙasar Bungudu. Maigidana direba ne, yana jigila tsakanin Bungudu da Gusau, kuma shi kaɗai ne namijin da ya rayu a ɗakin mahaifiyarsa. Gida ɗaya muke da ita, Inna muke ce mata. Gaskiya ba zan ci haƙƙinta ba, Inna ta karɓe ni hannu bibbiyu. Ko fura ta dama, kwanona take fara cikawa.

Tun satin farko na nuna wa maigidana maganin, na gaya masa amfaninsa. Ya ce, "To, Allah ya sa a dace." Sai na tura ledar cikin wata langa a can ƙasan jerena, ina ganin duk Nahuce babu mai wayona.

Wata rana ana suna a maƙwabta, Inna ta shiga ɗakina aron kwanon kai abinci, ni ina bayan gida ina wanki. Duk kwanukan da ke jeren nan, hannunta bai sauka kan kowanne ba sai wannan langar. Bayan la'asar ta aiko a kira ni. Na tarar da ita a ƙofar ɗakinta, ga gwaggon maigidana a gefe, ga shi kansa a tsugune. Na durƙusa na gaishe su. Inna ta jawo haɓar zaninta, ta kwance ƙulli, ta ajiye ledar a kan tabarma.

"Ɗiyata, wanga mine ne?"

"Magani ne, Inna."

"Mi ke maki ciwo?"

"Babu komai."

Ta juya wurin gwaggo. "To, kin dai ji da kunnenki. Babu abin da ke mata ciwo. Wane magani ne mai lafiya ka sha kullum-kullum, ƙanana haka, ɓoye cikin kwano, in ba na hana haihuwa ba?"

Wallahi amsar tana bakina. Kalma ɗaya ce, ciki. Amma ku da kuka san mu, ku gaya mini: amaryar da lallenta bai gama gogewa ba, ta buɗe baki gaban surukai ta ce cikin da za ta ɗauka take yi wa tanadi? Mu da ko sunan ɗan fari ba ma kamawa? Kafin magariba labari ya gama gari, an auro marar kunya daga Tsafe. Sai na dunƙule cikin mayafi na ce, "Na ƙarin jini ne."

Gwaggo ta tuntsire da dariya. "Ke da kumatu kamar an hura? Wane jini kuma za a ƙara maki?"

Na saci kallon maigidana. Shi ya sani, shi na gaya wa. Yana nan kansa a ƙasa, yana tonon ƙasa da makullin mota.

Inna ta miƙe ta juye ledar cikin murhu. Ta ce, "Ni ɗa guda gare ni. Ba a kashe mani gida da ƙwayoyin birni."

Da muka koma ɗaki ya ce, "Ki yi haƙuri. Na san gaskiyarki, amma ba ni iya irin wannan magana da Inna. A bar shi kawai a zauna lafiya." Yayata da ta ji, ta ce gobe-goben nan tana hanya. Mahaifiyata ta tare ta: "Za ki kashe mata aure a kan ƙwaya?" Yayata ta ce to bari ta aiko da wata ledar a ɓoye, maigidana ya ce bai yarda maganin ya sake shigo masa gida ba. Shi ke nan, kowa ya samu zaman lafiyarsa.

Ba a daɗe ba ciki ya shiga. Aka yi ta murna a ɓoye, ni kuma ina ta ja masa zani kamar yadda aka saba, sai da ya fito fili sannan aka ce in fara zuwa awo Bungudu. Ranar farko malamar asibiti ta miƙo mini magunguna. Ina dubawa, sai ga 'yan ruwan ɗorawar nan, su ne dai, babu ko tantama. Na dawo na ajiye su gaban Inna.

Ta ce, "Na awo ne? Madalla, ki riƙa sha."

Na ce a hankali, "Inna, ai irin waɗancan ne."

Ta ce, "Ƙwayoyi ai duk kama su kai."

Daga ranar ita ke tuna mini kowace safiya.

Na haifi mace. Na ji kukanta, na yi hamdala. Sai na ga malamar asibiti ta kwantar da jaririyar ruf da ciki. A ƙasan bayanta akwai wani ƙullutu kamar ƙwan kaza, fatarsa shara-shara. Ba sai an yi mini bayani ba, na taɓa ganin irinsa a jikin ɗan yayata.

Aka tura mu Gusau. Likitan da ya duba ta ya tambaye ni, "Kin sha folik asid kafin ki samu cikin?"

Na ce, "Na fara."

"Me ya sa kika daina?"

Inna tana tsaye riƙe da fulas ɗin ruwan zafi. Maigidana yana jingine da bango. Likitan ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, bai sake tambaya ba. Ya ce shi ba zai rantse cewa da na ci gaba da sha abin ba zai faru ba, don akwai masu sha kuma ya same su, amma yana rage haɗarin ƙwarai da gaske. Wanda na sha lokacin awo ya amfani jinina, sai dai lokacin rufewar baya ya riga ya wuce.

A mota Inna ce ta fara magana. Ta ce, "Ƙaddara ce. Haka Allah ya so."

Na yarda da ƙaddara, a kanta nake tsaye har gobe. Abin da ya ƙona mini rai shi ne bakin da ya riga kowa faɗin ta.

An yi wa yarinyar aiki, Allah ya raya ta. Ƙafafun ne dai ba su taɓa ɗaukar ta ba. Yanzu tana firamare, a keken guragu ake tura ta, ga baki kamar rediyo, ita ke gyara wa ubanta karatu. Na haifi maza biyu bayanta, lafiyarsu ƙalau. Kafin cikin kowannensu a kan taga nake ajiye ƙwayoyina, inda duk mai shigowa zai gani, kuma babu wanda ya ce mini kanzil. Inna ta goya yarinyar nan har sai da bayanta ya gaza. Amma kalmar "yi haƙuri" ba ta taɓa haɗa ni da ita ba, haka shi ma ɗan nata.

Da aka sa ranar autarta, ƙanwar maigidana, sai ga Inna a ɗakina. Ta zauna bakin gado, ta yi ta zagaye-zagaye, zancen gero, zancen kayan ɗaki. Can ta ce, idonta a kan tabarma, "Waɗancan 'yan ƙwayoyin naki. Ki samo ma ƙanwarki."

Washegari na sa aka sayo a Gusau. Ta karɓa, ta jawo haɓar zaninta ta ƙulle, irin ƙullin da ta yi wa nawa. Har ta kai ƙofa ta waiwayo. "Amma ki ce mata ta ɓoye da kyau. Kin san mutane da fassara."

Mutane, in ji Inna.

Ranar kai amarya na shiga mota aka je da ni Mada, garin angon. Ana gama damƙa amana, tsofaffin gidan duk suna zaune, na ciro ledar daga jakar amarya na ajiye gaban uwar mijinta. Na ce, "Hajiya, wannan ba na hana haihuwa ba ne. Na cikin da za ta ɗauka ne, kuma tun kafin ya shiga ake sha, don bayan jariri ya rufe lafiya. Duk mai shakka ya zo Nahuce ya ga ɗiyata." Amarya ta nutse cikin mayafi, wata tsohuwa ta kama haɓa tana salati.

Ina ba ku wannan labari ne don 'yan matan da ke shirin aure, da iyayen mazajensu musamman. Ku tambayi asibiti, ku fara da wuri, kuma ku faɗi sunan abin a fili. Raina bai huce ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Har yau a can Mada, in zancena ya taso, cewa ake yi matar nan marar kunya, kuma na karɓi sunan. Sau ɗaya na taɓa yin kunyar da ake so, kuma kowace safiya ni ke ɗaga ɗiyata daga shimfiɗa in ɗora ta a keke.