Gorar Baba ba ta shiga mota ba

Mahaifina ya yi aiki a jirgin ruwa mai hayaƙi, irin wanda kan hauro Binuwai har Jimeta in damina ta yi tsakiya, ya sauke gishiri da atamfa, ya kwashi gyaɗa. Aikin Baba shi ne tsayuwa a goshin jirgi da doguwar gora mai zane-zane, yana caka ta cikin ruwa yana faɗa wa matuƙi zurfi.

Tun kafin a haife ni jiragen suka daina zuwa, amma Baba bai san da wannan zance ba. Ruwa na cika zai saɓa gorarsa daga unguwarmu ta Alkalawa har bakin kogi, ya auna, ya dawo ya ba mu labarin da ba mu tambaya ba. A lokacin kunya abin yake ba ni.

Shekarar da masu gudun hijira suka cika garin, aka yi ta cewa saura Yola 'yan bindiga su shigo, yayana ya zo da mota zai kai mu Jos. Komai ya shiga, gora ta ƙi. Aka gwada ta taga, aka gwada sama, ina! Sai yayan nawa, wai shi mai dabara, ya aro zarto zai raba ta biyu.

Baba ya kwantar da ita a ƙasa ya zauna a kai.

"Goran nan ba a yanka shi," in ji shi. "In ya gajarce zai yi wa jirgi ƙarya."

"Baba, wane jirgi kuma?"

"Wanda zai zo. In kowa ya gudu, wa zai gaya mishi ruwa?"

Na ji tsoro ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Amma haushin zarton nan ya fi tsoron yawa. Na ce, "Hamma, sauke min jakata." Ya kira ni mahaukaciya, ya ja motarsa. Muka zauna ni da tsoho, kuma ba mu motsa ba har ƙura ta lafa.

Baba ya rasu shekarun baya. Yashi ya cinye kogin, ni ma na san babu jirgin da zai zo, ba sai an faɗa mini ba. Bana ma na tashi daga makarantar da nake koyarwa, na saɓa gorar na nufi bakin kogi kamar kowace damina, masu Keke suna ta yi mini dariya. Su yi. Na auna, ruwa ya kai zane na huɗu, na faɗa da ƙarfi yadda yake faɗa.