Ranar da Inna Maijidda Ta Kama Sunan Ɗan Fari

Shekara hamsin da biyu Inna Maijidda ta garin Babban Mutum ba ta taɓa kama sunan Harisu ba. Ɗan fari ne, sai dai ta ce "wancan". Mace ce mai ƙafa, kullum da hantsi tana zaga gari da ƙwaryar kwaɗon zogale, ta san jikan kowa da sunansa.

Da Harisu ya gina gida a Daura sai ya ɗauko ta don ta huta. Ko tsinke aka hana ta ɗagawa. Matarsa Siddiƙa ta wadata ta da farar shinkafa da burodi da lemon kwalba, ga talabijin ita kaɗai a ɗaki.

A wata na takwas da zuwanta, wata safiya ya shigo gaishe ta, ta ce, "Harisu, ina carbina?"

Carbin yana hannunta. Amma ba shi ne ya sanyaya masa jiki ba, sunan ne. Inna ta fara ɓace masa.

Likitar da suka gani ta auna jini, sannan ta tambayi abin da Inna take ci, da waɗanda take hira da su. Harisu ya lissafa da alfahari.

"Alhaji, kun hutar da ita har ƙwaƙwalwar ta kwanta," in ji likita. "Ban yi maka alkawari ba, tsufa tsufa ne. Amma ganye da gero da wake da zoɓo suna da sinadaran da ke kare ƙwaƙwalwa daga saurin lalacewa. Ku rage zaƙi. Ta yi tafiya, ta shiga mutane."

Kunya ta kama shi, me za a ce in an ga uwar Alhaji tana tsinkar zogale? Ya daure. Siddiƙa ta miƙa mata ragamar miyar kuka. Inna ta fara zuwa islamiyyar matan unguwa da ƙafarta, tana dawowa da labarin kowa.

Mantuwar ba ta tafi duka ba. Amma bayan damina ya ji ta a tsakar gida tana cewa, "Siddiƙa, gaya wa wancan kukar da ya sayo tsohuwa ce, an cuce shi."

"Wane wancan, Inna?" Siddiƙa ta tsokane ta.

"Ke, bar ni! Bakina ba zai faɗa ba."

Harisu ya tsaya a bakin zaure, yana ta hamdala.