Kuskuren da Jan Biro Ta Ƙi Gyarawa

Yayata ta koyar da Turanci a ƙaramar sakandare har kanta ya yi furfura, kuma duk wanda ya zauna a ajinta bai san ta da wani suna ba sai Jan Biro. Ba ta duka, ba ta zagi. Littafinka kawai za ta maido maka kamar an yanka kaza a kansa. Ni ƙanwarta ma, da ɗinki ne sana'ata, ban tsira ba. In na tura mata saƙo a waya da ɗan Turancina na 'yan tela, sai ta gyara shi tsaf kafin ta amsa, ko da cewa na yi ina kwance ba lafiya.

Akwai kuskure guda da ta fi tsana. Mu kalma ɗaya gare mu, kowa, ita ke yi mana aiki biyu: kowa ya zo, ban ga kowa ba. Bature kuwa ya raba su. Na farkon "everybody" ne, na biyun "anybody". Yaranmu sai su ɗauko ta farkon su zuba ko'ina, su rubuta "I did not see everybody" suna nufin ba su ga ko mutum ɗaya ba. Yaya ta kan ce duk wanda ya faɗi haka ya gaya wa Bature cewa ya ga wasu, ba duka ba ne dai ya gani. Ta faɗa a aji, ta faɗa a gida, har ni da ba jarrabawa zan zauna ba na haddace.

Mijinta ya rasu da wuri ya bar mata yara. Matan suka yi aure suka watse, ya rage Auta, namiji tilo, mai dogon wuya da son tsokana. Da gangan yake karya Turanci a gabanta don ya ga ta ajiye cokali. Da ya gama makaranta ya sami aiki a wani kamfanin robobi, a sito, can ƙuryar baya, inda ƙofa ɗaya ce tak ke fita waje.

Wata rana da tsakar rana wuta ta kama kamfanin. Roba kuwa in ta kama ba ta jin lallashi. Rufin sito ya rufta, abin da aka tono daga baya bai isa a ce wannan wane ne ba, aka haɗa aka binne tare. Auta bai dawo gida ba.

Masu kamfanin baƙi ne, ba sa jin Hausa. Suka kira zaman bincike a ɗakin cin abincin ma'aikata, aka ture tebura gefe, aka jera wa iyaye kujerun roba masu warin hayaƙi. Aka kira mai gadin ƙofar baya. Tsohon ɗalibin Yaya ne, wanda ake ce wa Na-Baya saboda tun yana yaro kujerar ƙarshe yake zama don kada a tambaye shi. An tanadi tafinta, yana tsaye a gefensa. Aka tambaye shi ko ya ga mutanen sito sun fito. Ya ɗaga kai zai yi magana, sai idonsa ya faɗa kan malamarsa a sahun gaba. Bawan Allah ya ga bai kamata ya kunyata ta a gaban baƙi ba. Ya dakatar da tafinta da hannu, ya gyara tsayuwa, ya ce, "I did not see everybody."

Yaya ta damƙe gwiwata har sai da na ji zafi. Da muka fito ta ce, "Kin ji shi? Ba duka ya gani ba. Ya ga wasu sun fito."

Na dube ta. Matar da ta ƙarar da jan biro a kan wannan jimla! Washegari na je na sami Na-Baya, ya faɗa mini da Hausa yana kuka cewa ko kyanwa ba ta fito ta ƙofar nan ba. Na kawo wa Yaya labari. Ta ce ita daga bakinsa ta ji, a gaban hukuma, ba ta karɓar maganar bayan fage. Na yi faɗa, na yi magiya, na kira ta mai taurin kai. An ce wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, amma ban taɓa ganin wanda ya kama takobin da ya wasa da hannunsa ba sai ita.

Ta hana a yi mata gaisuwa. Duk wanda ya shigo ya ce ya haƙuri, sai ta tambaye shi na me. Maƙwabta suka koyi gaishe ta da gajiya kawai. Mu muka yi wa Auta addu'ar mamaci a gidajenmu, a ɓoye kamar masu sata, uwarsa kuwa ko sau ɗaya ba ta ce Allah ya jiƙan shi ba. Ta ce ba a roƙa wa mai rai rahamar kabari. Ta ce wataƙila ya bugu a kai, ya manta hanya.

Ta ci gaba da zuwa makaranta. A motar haya bakin taga take zama tana bin fuskokin mutane, ta taɓa sauka ta bi wani mai dogon wuya har bakin shagonsa. Wata malama da suke raba tebur ta gaya mini cewa Yaya na gyara komai kamar da, amma in ta iso kan wancan kuskuren sai biron ya tsaya a sama, ya wuce. Yara suka gano, suka ɗauka tsufa ne.

Gidan shi ya fi ba ni tsoro. Wata rana ina kai mata ɗinki, kujerar ɗakin Auta ta yi ƙara, irin ƙarar da katako ke yi da zafin rana. Na ce waye. Ta ce ba kowa, amma yadda ta faɗa kamar sunan baƙo ta gaya mini. Sai ta ce Turanci abin mamaki ne, in ka ce "Nobody is in the room", wato ba kowa a ɗakin, ba ka kore aikatau ba, ka ba wani mai suna Nobody wurin zama ne a ɗakin. Na ce ta bar wannan magana. Amma daga ranar ni ma na kama kaina ina rage murya in zan wuce ƙofar.

Na-Baya kuwa in ya hango ta sai ya tsallaka titi. Ita ma ba ta taɓa nemansa ba. Dukansu sun san abin da tambaya ɗaya za ta yi.

Haka aka yi ta tafiya har ta yi ritaya, idanunta suka fara hazo, ciwo ya kwantar da ita. Na dawo gidan ina jinyarta. Wata la'asar ina yanke mata farce ta ce ta gaji. Ta ce yanzu ko ya shigo ba za ta gane shi ba, kuma tana tsoron ta tafi ta bar yaron nan ba addu'ar uwa. Ta ce in kira mata Na-Baya.

Ya zo, shi ma gemunsa ya yi fari. Ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa nesa da gado.

"Matso gaba," ta ce. "Yau babu kujerar baya. Me ka gani ranar? Da Hausa."

Ya daɗe yana murza hularsa. "Malama, ban ga kowa ba."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya, Malama."

Ta gyaɗa kai a hankali, yadda take yi in yaro ya kusa daidai. Yatsunta suka motsa a kan bargo.

"Anybody," ta ce. "I did not see anybody. Maimaita."

Ƙaton mutum mai jikoki ya maimaita. Ta sa ya sake, ya sake. Ta ce madalla, ya tashi ya tafi, babu laifinsa.

Da ya fita, ya rage ni da ita. Can ta juyo da fuskarta inda take jin numfashina.

"Ke kuma kin zauna kin zuba mini ido," ta ce. "Ɗana ya rasu. Ba za ki yi mini gaisuwa ba?"

Na buɗe baki in ce Yaya, ya haƙuri. Shekara da shekaru ina ɗauke da kalmomin nan a bakina, ranar kuwa suka ƙi fitowa. Sai ita ce ta lalubo hannuna tana cewa in yi haƙuri.