Yatsan Baffa a Takardar Fili

A shekarar da na fara aiki da wani shirin samar da ruwa a karkara, mai ofishi a Gaya, na gane cewa a cikin fayil ake fara haƙa rijiyar burtsatse. Sai an haɗa jadawalin aiki, da rahoton zaman kwamitin gari, da sakamakon binciken ƙasa, da takardar sadaukar da fili, kafin motar haƙa ta motsa. Idan babu ɗaya, shugabarmu ba ta faɗa. Sai dai ta ture fayil ɗin gefe ta jawo na wani gari, ni kuwa gara ta zage ni da wannan turewar.

Cikin garuruwan da aka zaɓa har da ƙauyenmu, kusa da Gafasa. Masu bincike suka zagaya da na'urarsu, suka ce ruwan yana gefen gonar Baffa, yayan mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina maraya. Na ce alhamdu lillahi, abu ya zo gida. Ko roƙonsa ba a yi ba, ya ce, "Ku haƙa, na bayar."

Da na kawo takardar, ya ce in karanta masa. Na karanta: sunan mai bayarwa, sa hannunsa, shaidu, kwafi ga dagaci, kwafi ga sakatariyar ƙaramar hukuma. Sai ya dube ni ya ce:

"Wato abin da na ba Allah shi za ka kai sakatariya?"

Na san halinsa sarai. Mutum ne da zai aje damin gero a zauren maƙwabci, in an yi cigiya ya fi kowa mamaki. A wurinsa sadakar da aka ji labarinta ta tashi daga sadaka. Na lallaɓa na ce ba don a yaba masa ba ne, don kada wata rana magada su zagaye wurin da katanga.

"To, 'ya'yan nawa ne ɓarayi, ko ni ne maƙaryaci?"

Na naɗe takardata na hau babur, raina a ɓace.

A ofis shugabarmu ta ce, "Malam, ƙarshen wata zan rufe karɓar fayil. Fayil ɗin garin Toranke a cike yake, suna jira." Daga ranar abinci ya daina yi min daɗi. Waya na ƙara, sai in ɗauka shugabarmu ce. Abin da ya fi damuna, da bakina na shaida wa mutanen gari cewa ruwa ya zo, saboda ni ma akwai rawar kai. Duk sanda na shigo, matan da ke dawowa daga tsohuwar rijiya da jarkoki sai su tare ni: "Ɗan ofis, yaushe motar taku?" In ce ta kusa, in ƙara wa babur wuta.

Na kai ƙara wurin liman. Ya je ya ce wa Baffa niyya a zuci take, takarda ba ta goge lada. Baffa ya ce, "Allah gafarta Malam, na san zuciyata. In ta ga sunanta a rubuce za ta ji daɗi." Liman ya fito yana girgiza kai, ya ce min in ci gaba da addu'a. Ni a lokacin na ji haushin tsohon nan ƙwarai. Gari guda na fama da ƙishirwa, shi yana gadin ladansa.

Ana gab da rufewa na same shi da hantsi yana sharar gona. Na gaishe shi, na tsuguna. Ya jingina da fartanya ya ƙare min kallo.

"Ka rame, ɗan nan. Korarka za su yi?"

"Ba za a kore ni ba, Baffa. Ruwan ne zai tafi, kuma ban san da wane ido zan kalli gari ba."

Sai ya miƙo babban yatsansa. Na fito da takardar, na shafa masa tawada, ya dangwala, ya sunkuya ya murza yatsan a ƙasa har ya goge.

"Da Allah na ba," in ji shi. "Yanzu kai na ba. Sai ka san yadda za ka yi da shi."

Fayil ya cika, mota ta zo, ruwa ya fito. Ranar miƙa aiki Baffa bai zo ba, kuma har ya bar duniya bai sake tayar da maganar ba. Ni ne ban huta ba. Duk sanda na wuce na ga mata a layi suna buga famfo, sai in rage gudu in ce, Allah ka mayar masa da abinsa, ni ban karɓa ba.